Minti Biyu da Sakan Arba'in da Ɗaya

Shekara ashirin da uku Norma Birtles ta yi tana sauraron waƙa ana biyanta, amma da za a tsare ta a ce ta rera baiti ɗaya daga dubban da suka bi ta kunnenta, da ta sha kunya. Ba waƙa aka ɗauke ta ta ji ba. A masana'antar buga faifan garmaho da ke bayan tashar jirgin ƙasa, can yamma da Landan, aikinta shi ne ta shiga wani ɗan ɗaki da bai fi makewayi girma ba, ta rufe ƙofa, ta kifa abin sauraro a kunne, ta ɗauki faifai ɗaya cikin kowane ɗari biyar da injuna suka fitar, ta ɗora masa allura. Abin da take farauta yana ƙarƙashin kiɗan: ƙas ɗin ƙurar da ta maƙale a ƙarfen bugu, shuuu ɗin robar da ba ta narke da kyau ba, rawar faifan da raminsa ya kauce daga tsakiya. In ba ta ji komai ba, ta sa hannu a koriyar takarda, mota ta kwashi kaya. In kuwa ta ji, ta danna agogon da ke rataye a wuyanta, ta rubuta minti da sakan a jar takarda, inji ya tsaya ko manaja zai yi birgima a ƙasa.

Da kunnen nan aka haife ta. Lokacin yaƙi, tana budurwa, ita ke ajiye cokali ta ce a kwashi yara a tafi ramin fakewa daga bam, sai an kai bakin ramin sannan jiniya ta tashi. Mijinta Len, kwandastan bas mai sanyin hali, yakan ce shi dai ya auri matar da ke jin sa yana tunanin zuwa mashaya tun bai ɗauki hula ba. Maƙwabta sun saba da ita tana ƙwanƙwasa ƙofa ta ce famfonku yana ɗiga, yau kwana uku, don Allah a duba. Ba muguwa ba ce, ba ta kuma da rowa; in aka yi rashin lafiya a layin, tukunyar miyarta ke riga ta kowa isa. Sai dai ba ta iya jin abu mai daɗi ta bar shi a haka, dole sai ta leƙa ƙarƙashinsa.

Ɗa ɗaya suka samu, shi ma bayan sun fid da rai, suka sa masa Clive. Ka ji ikon Allah: matar da ɗigon famfon maƙwabta ke hana wa sukuni, ita aka ba makaɗi. Ya fara da murafan tukwane, ya koma garwar shara, yana shekara goma sha biyar Len ya samo masa tsofaffin ganguna, aka kai su ɗakin katako na bayan gida aka lulluɓe bangon da barguna. Kowace Asabar da rana abokansa uku su zo da jita, jagoransu Desmond Peach na gida mai lamba goma sha huɗu, dogo siriri mai gashi har kafaɗa, wanda a ganin Norma ya fi bukatar wanka da waƙa. Shekara biyar suna dukan kiɗa a bayan gidanta. Ita kuwa ta rufe taga, ta kai musu shayi da burodi, ta dawo ta ƙara jan labule.

Wata rana da kaka tana feraye dankali, Clive ya shigo rungume da rikodar aro. Sun je wani ƙaramin ɗakin ɗaukar sauti, sun wuni sun naɗi waƙa ɗaya a zaren tef.

"Mama, ajiye wuƙar nan. Minti huɗu kawai nake roƙo."

Ta ajiye, ta karkata kai yadda take yi a wurin aiki. Ko minti ɗaya ba a cika ba ta ɗaga hannu.

"Tsayar. Akwai gurnani a hagu tun daga farko. Waya ce ba su ɗaure da kyau ba. Ku koma su sake muku, sun cuce ku."

"Waƙar fa, Mama? Ki bari dai ta kai ƙarshe."

"Ta ina zan ji waƙa abin nan yana yi min gurnani a ka? In an gyara ka kawo."

Ya yi dariya, ya sunkuya ya sumbaci goshinta. "Ke dai Mama, ko mala'iku suka yi miki waƙa sai kin ce ɗaya yana mura."

Ita ma ta yi dariya, ta koma kan dankalinta. A zuciyarta taimakonsa ta yi.

Bai sake kawowa ba. A watan Janairu na 1978, suna dawowa da safe daga wani wasa da suka yi a arewa, tsohuwar motarsu ta taka ƙanƙara a babbar hanya ta kife. Desmond ne ke tuƙi. Su ukun da ke gaba suka fito da ƙujewa. Clive yana baya a tsakanin kaya, bai fito da rai ba, yana da shekara ashirin.

Kwana tara Norma ta yi ta koma aiki, mutane suna cewa wannan mata akwai ƙarfin hali. Abin da ba ta gaya wa kowa ba, ko Len, shi ne muryar ɗanta ta ɓace mata. Fuskarsa tana nan a hoto, warinsa yana nan a kwat ɗin da ke bayan ƙofa. Amma in ta rufe ido ta ce bari ta ji yadda yake cewa Mama, sai ta ji wayam. Gurnanin nan na tef kuwa yana nan daram a kanta, tana iya kwatanta shi da baki. Wannan abu ya ci mata rai ƙwarai, ya kuma sa ta jin kunyar kanta, har ta kasa taka gida mai lamba goma sha huɗu ta tambayi inda tef ɗin yake.

Ganga ɗaya ce ta tsira daga motar, ƙaramar nan mai zaren ƙarfe a gindi. Len ya mayar da ita ɗakin katako ya rufe. Duk sa'ad da jirgin kaya ya wuce, zaren ya yi zzz shi kaɗai, kamar an taɓa fatar da yatsa. Len bai taɓa ji ba. Norma tana ji daga ɗakin girki, ta cikin taga a rufe, sau shida a wuni, kuma kowane karo sai ta tsaya da abin da ke hannunta tana jira ko wani abu zai biyo baya.

Wata Alhamis ta watan Oktoba, shekara ta kusa zagayowa sau biyu, foman ɗinsu Mista Duxbury, wani gajere mai jan wuya, ya leƙo ɗakinta da faifai a hannu.

"Norma, 'yar albarka, wannan kam a sassauta masa. Waƙar share fage ce, babban faifan mawaƙan yana biye da wata guda. Mun buga dubu biyu na gidajen rediyo, mutanen Landan kuma suna son dubu arba'in kafin Juma'ar sama, in ba haka ba su feɗe ni."

"Ai fatar ta yi maka yawa, Mista Duxbury. Miƙo."

Bugun farko ba ya zuwa da suna, farar takarda ce a tsakiya. Ta rubuta lambar aikin a kai, 4417. Ba ta taɓa tambayar sunan mawaƙi ba, don suna ba ya ƙara wa faifai tsabta. Kiɗa ne mai hayaniya irin na samarin zamani, har wajen minti biyu da rabi, sai komai ya ɗauke, jita ɗaya ta rage tana tafiya a hankali. A ƙarƙashinta akwai wani siririn gurnani ta hagu. Bai kai na jar takarda ba, amma tsigar jikinta ta tashi, ta rasa dalili. Sai ta ji: ƙas, ƙas. Sannan ganguna suka faɗo gaba ɗaya. Ta duba agogo, minti biyu da sakan arba'in da ɗaya.

Ta sa na biyu, yana nan. Ta aika aka kawo na uku daga wani injin dabam, yana nan a wuri guda. Ba ƙura ba ce ke nan, daga tushe ne. Ta jawo jar takarda.

Duxbury ya sa abin sauraro ya runtse ido har sau biyu. "Ni dai ban ji komai ba."

"Ai shi ya sa kake foman."

Dokar gidan ce duk faifan da aka ƙi, mai sauraro ya ja masa ƙusa daga baki zuwa tsakiya, don kada wani ya soke shi a riga ya kai kasuwa. Wasu ɗan shafawa kawai suke yi. Norma danna ƙusa take har baƙin gari ya tashi. Ta yi wa ukun haka, ta jefa su kwandon da ake saukarwa ɗakin niƙa, inda ake huda tsakiyar faifai a niƙe sauran a sake narkawa, don tun da man da ake yin roba da shi ya yi tsada ba a zubar da ko gutsure.

Washegari Duxbury ya dawo bakinsa har kunne. "Ashe a jikin tef ɗin yake. Mai yanka tef na Landan ya ce shi ma sai da ya saurara sau huɗu. Ya sa reza ya fid da guntaye biyu, kowanne bai kai farce ba, ya liƙe. Litinin sabon ƙarfen bugu zai iso. Ya ce in gaya miki ya cire miki hula."

Norma ta ji daɗi, gaskiya. Rabonta da jin irin wannan tun kafin jana'iza. A hanyar gida har ta tsaya ta saya wa Len kek mai kirim.

Ranar Lahadi bayan abincin rana, Len yana gyangyaɗi da jarida a fuska, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Desmond ne. Tun ranar jana'iza in ya hango ta tsallaka titi yake, ita ma ba ta kira shi.

"Misis B., ina wuni."

"Desmond. Ashe an yi aski. Shigo, kada ka cika min gida da sanyi."

Ya zauna a bakin kujera yana murza hularsa. Jiya suka dawo daga Jamus, in ji shi. Sun samu kamfani, sun sake suna, sun ɗauki sabon makaɗi. Waƙarsu ta farko za ta fito Juma'a, kuma ya ga a takarda a masana'antarsu ake bugawa.

"Na so ki ji daga bakina kafin ki ji a rediyo. Ta Clive ce, shi ya rubuta kalmomin. Wadda ya taɓa kawo miki ɗin nan. Mun sake ɗauka duka da sabon yaron, amma tsakiyar, inda ake yin shiru, daga tsohon tef muka yanko sakan goma sha biyu muka dasa. Ko kamfani ba mu gaya wa ba, don kada su ce a cire. Kin san abin nan da yake yi da harshe kafin ya shigo, don ya ba mu ƙirge?"

Ya buga harshensa a ganɗa. Ƙas, ƙas.

Ta sani mana. Tun yana shekara tara, da ya faɗo daga keke haƙorinsa na gaba ya ɓantare, Clive ke yin haka kafin ya fara komai: kafin ya faɗa ruwa, kafin ya buɗe wasiƙar makaranta, kafin ya roƙe ta abin da ya san za ta hana. Sau nawa ta ce masa, Clive, bar wannan ƙazantar a teburin abinci? Bakinta ya buɗe da kansa.

"Minti biyu da sakan arba'in da ɗaya."

Fuskar Desmond ta washe. "Kin ji shi! Na gaya wa yara, na ce ko duk Ingila ba wanda ya ji, Misis B. za ta ji!" Sai hawaye suka zubo masa, ya shiga goge su da hula.

"Sauran tsohon tef ɗin fa?"

"Yana nan, amma ganguna ne kawai. Nan kaɗai bakinsa ya fito. Kuma ainihin zaren muka yanko, ba kwafi ba, wai kwafi zai rage masa ƙarfi."

Ta so ta gaya masa, ta kasa. Tsoro ya kama ta, da kunya, da wata baƙar tsanar kanta da ba ta taɓa sani ba. Ta zuba masa shayi, ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa, ta raka shi ƙofa. Da ta dawo jirgin kaya yana wucewa, ta toshe kunnuwanta da hannu biyu.

Litinin kafin ƙarfe bakwai tana bakin ƙofar masana'anta. Ta tare Duxbury tun bai cire kwat ba, ta sa shi ya buga waya Landan. Ya saurara, ya ajiye, ya ƙi haɗa ido da ita. Guntayen tef a ƙasa suke faɗuwa, kuma ana share ɗakin mai yankan kowace Juma'a.

Ta gangara ɗakin niƙa. Harbans Gill ke riƙe da shi, dattijo mai rawani da ya zo daga Punjab shekara goma sha biyar da suka wuce, kullum da auduga a kunne. Da ya ga fuskarta ya kashe inji ya cire audugar.

"Yaya Norma, lafiya kuwa?"

"4417, mai farar takarda, dubu biyu. Ina suke?"

"Tun Juma'a da rana. Mista Duxbury ya ce a hanzarta." Ya nuna buhuna jere a jikin bango.

Ta buɗe ɗaya ta tsoma hannu. Baƙin tsaki ne kamar tsakuwa, yana zuba ta tsakanin yatsunta.

"Har ukun da na ja wa ƙusa?"

"Duk abin da ya zo a kwando, 'yar'uwa."

Ta zauna a kan akwati. Nan ta gaya masa komai, shi da gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Harbans ya yi abin da kowa ke yi a ƙasar nan in magana ta ƙare, ya ɗora butar shayi. Ya miƙa hannu kan kanta ya sauko da gwangwanin sukari, ya ɗaga abin da ya rufe shi da shi zai ajiye a gefe, sai ya tsaya. Murfin gwangwanin ya ɓace shekaru da yawa, shi ya sa duk Juma'a yake zarar faifai ɗaya a kwando ya kifa a kai saboda baƙar ƙura, ba ya ko dubawa. Ya juya shi. Farar takarda ce, da lamba da rubutun hannunta, da layin ƙusa daga baki har tsakiya.

Ta hau sama riƙe da shi a ƙirji, ta rufe ƙofar ɗakinta, ta goge shi da gefen rigarta, ta ɗora allura. Tak. Tak. Tak. Duk juyi ɗaya sai allura ta faɗa ramin ƙusa, sau arba'in da biyar a minti. Aikin hannunta ne, kuma ta yi shi da kyau. Kiɗan ya ɗauke, jita ta rage, gurnanin hagu ya fito, yanzu ta san inda ta san shi. Ta riƙe numfashi.

Ƙas na farko ya faɗa daidai kan ramin ƙusa, ya tafi. Na biyun ya tsira.

Ba busasshe ba ne irin na ƙura, akwai danshin baki a jikinsa. Kuma gab da shi akwai ɗan jan numfashi ta hanci, gajere, na mutumin da ya ɗaga hannuwa zai sauke. Ranar Alhamis sau uku numfashin nan ya bi ta kunnenta ba ta rubuta shi ba, don numfashi ba aibin faifai ba ne. Ta ɗaga allura, ta kifa kanta a kan tebur ta yi kukan da ba ta yi a maƙabarta ba.

Ƙarfe goma sha ɗaya Duxbury ya ƙwanƙwasa a hankali, da sabon bugu a hannu. Harbans ya gaya masa batun faifan, in ji shi, ya sake kiran Landan har ya ɗaga musu murya. Sun ce ba za su tsayar da motoci don a kwafi sauti daga faifai mai ƙusa ba. Norma ta karɓa ta saurara daga farko har ƙarshe. Mai yankan gwani ne, ko ita ba ta ji wurin liƙin ba. Jita ta yi tafiyarta, ganguna suka faɗo ba wanda ya kira su. Ba ta taɓa sa hannu a kan ƙarya ba, ranar ma ba ta sa ba, don faifan ba shi da aibi ko ɗaya. Ta jawo koriyar takarda.

Da aka tashi aiki ta wuce kai tsaye gida mai lamba goma sha huɗu, ta gaya wa Desmond a tsaye a bakin ƙofa. Ya jingina da bango ya daɗe yana kallon takalminsa.

"Ni na kifar da motar, Misis B.," ya ce. "Wa zan riƙe da laifi?"

Waƙar ta karɓu. Wata uku ba inda ba a sa ta ba: shagon aski, wurin sayar da kifi da dankali, rediyon direbobin bas, bikin 'yar maƙwabta. Bayan ta sauka ma ba ta mutu ba, irin waƙoƙin nan ne da rediyo ke tonowa duk shekara. Sau da yawa an ga Norma a kanti tsaye cak tsakanin layin gwangwanaye da kwando a hannu, kanta a karkace. Ba ta jin kiɗan, ba ta jin mawaƙin. Gurbin take jira, wanda a duk ƙasar ita da samari uku kaɗai ke kula da shi.

Faifan ƙusa kuwa ta nannaɗe shi a farin tawul ta sa a aljihun tebur. Ta fi kowa sanin cewa duk sawa ɗaya allura tana cin wani abu, don haka sau ɗaya take fid da shi a shekara, ranar tara ga Maris, ranar haihuwar Clive. Ta sauke allura gab da wurin, ta ji numfashin, ta ji ƙas ɗin, ta ɗaga. A wasu shekarun takan kasa daurewa ta maimaita sau uku ko huɗu, sannan ta yi kwanaki tana faɗa da kanta.

Aka rufe masana'anta. Len ya rasu. Ƙungiyar su Desmond ta watse bayan faifai na uku, ya dawo unguwa yana koyar da tuƙin mota, abin da mutane suka daɗe suna mamaki. Sai kunnen Norma ya fara tafiya, wannan kunne da ya tsayar da injuna. Siraran sautuka suka fara gudu, tsuntsaye, ƙararrawar ƙofa, zaren gangar bayan gida. Tana da shekara saba'in da biyar ta sa faifan ta ji tak ɗin ƙusa kaɗai, shi ma daga nesa. Ta aika aka kira Desmond.

Daga nan ya zama aikinsa. Kowane tara ga Maris ya zo da rana da kek a leda, ya zauna kusa da garmaho ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa. Ita ta riƙe tsohon agogonta tana kallonsa. In ƙas ɗin ya zo, ya ɗaga yatsa. Ta duba agogo, ta gyaɗa kai, a sha shayi.

Shekarar da ta cika tamanin da ɗaya, ya ɗaga yatsa kamar kullum. Norma ba ta gyaɗa kai ba.

"Ka yi saurin sakan ɗaya."

"Haba Misis B., tsufa ne ya kama hannun."

"Kunnena ne ya mutu, Desmond, ba idona ba. Da ƙasa kake kallo. Yanzu agogon hannunka kake satar kallo." Ta ajiye nata a kan tebur. "Ba ya nan ko?"

Furfura ta cika masa kai, amma ya koma murza hula kamar yaron da aka kama.

"Ɗaga murya ka gaya min. Shekara nawa kana ɗaga min yatsa a banza?"

"Uku," ya ce da ƙarfi. "Ya cinye, Misis B. Ƙusar kaɗai ta rage."

Ta daɗe tana kallon faifan yana juyawa. Ya miƙa hannu zai ɗaga allura, ta riƙe masa hannun riga.

"Bar shi, ba sauran abin da za a tattala." Ta gyara zama, ta juyo masa kunnen dama, wanda ya ɗan fi. "Ka ce shi ya rubuta kalmomin?"

"Shi ne, duka."

"To matso nan. Me yake cewa? Fara daga farko, a hankali, ban taɓa ji ba."

Desmond ya jawo kujerarsa kusa da ita.